Kazar Manyan Kwastomomi

Tsohon Hedimasta ya ɗaga murfin kular, ya leƙa, ya mayar da sauri kamar wanda ya ga gawa. Kaza ce gasasshiya babu fata, da dankali, da kabeji da karas. Abincin asibiti, in ji shi.

Wata uku ke nan da likita ya cire tabarau ya ce masa, cikin muryar nan tasu ta masu ba da labarin mutuwa a hankali, "Baba, ko ka bar soye-soyen kanti, ko jijiya ta fashe maka a kai. Zaɓi ɗaya." Tun daga ranar, Auta, 'yar da ta rage masa a gida, ta kwashe gishiri da man suya ta kulle. Kullum da asuba tana kicin. Ta cika kula biyu, ta ajiye masa ɗaya a tebur, ta rungumi ɗayar ta tafi aiki.

Wane aiki? Kamfani. Abin da yake gaya wa mutane ke nan, yana gyara zaman hula. Bai taɓa tambayar wane kamfani ba. Shekara talatin yana yi wa yara tambaya, bai taɓa yi don ya san amsa ba, sai don ya kama mai laifi. Ya dai lura gyalenta yana ƙaurin mai idan ta dawo, ya ɗora laifin a kan motar haya.

Yadda ya tsara ha'incinsa kuwa, sai ka ce jadawalin jarrabawa. Sha biyu da rabi ya miƙa wa Tela maƙwabcinsa kular ta katanga. Ƙarfe ɗaya yana kantin kaza na bakin titi, teburin lungu, bayansa ga ƙofa. Ƙarfe uku Tela ya dawo da kula a wanke.

"Malam, 'yar nan taka ta iya girki," in ji Tela yana lashe baki.

"Kai da za a dafa maka ƙyallen ɗinki ma cewa za ka yi ya yi daɗi."

A sati na biyu ne yarinyar da ke karɓar oda ta sunkuyo ta rage murya. Ta ce akwai wani haɗi na musamman da ba a rubuta a allo ba, na manyan kwastomomi kaɗai, masu harshe. Hedimasta ya dubi samarin da ke layi suna jiran kazarsu mai ɗigar mai, ya ji tausayinsu. Talakawan ɗanɗano. Daga ranar, kwalinsa daban yake fitowa ta 'yar tagar kicin, an naɗe shi da takarda mai sheƙi. Yakan buɗe a hankali, ya lumshe ido. Kaza mai laushi, ƙamshin citta da tafarnuwa, dankali ya yi ja a gefe. Wannan shi ne aikin ƙwararru. Da daddare kuwa, in Auta ta ajiye masa faranti, sai ya tsakura ya ture.

"Ke dai ba ki gaji hannun mahaifiyarki ba. Wannan ko akuya sai an roƙe ta."

"To, Baba," take cewa. Kullum to, Baba.

Ranar komawa asibiti, da safe wuƙa ta yanke ta a yatsa tana yanka kabeji. Shi ya naɗa mata filasta, a karkace, yana faɗan rashin natsuwar 'ya'yan zamani. Sannan ya zaro jan biro daga aljihu ya rubuta kwanan wata a kai, don a san ranar canzawa. Haka yake yi wa komai a gidan, har ƙwan fitila.

Likita ya auna jini, ya sake aunawa, ya duba sikeli. Jini ya sauka. Nauyi ya ragu kilo shida.

"Ka ga amfanin girkin gida, Baba? A gaishe da mai girkin."

Hedimasta ya danne dariya har ƙirjinsa na ciwo. Girkin gida! Ga mutum da takardu cike da bango, bai san majinyacinsa kullum yana kantin kaza ba. A hanya ya riƙa kwaikwayon muryarsa shi kaɗai, jijiya za ta fashe maka a kai, har wata mai goyo ta matsa gefe.

Ya yanke shawara. Yau ɓoye-ɓoye ya ƙare. Zai sayi kwali biyu, ya kai wa Auta ɗaya, ya zaunar da ita ta ɗanɗana ta ji yadda ake girki, sannan ta ba shi mukullin gishirinsa.

Bai zauna a lungu ba. Ya tsaya tsakiyar kantin ya buga sanda a ƙasa.

"Na manya, guda biyu! Kuma a kira min mai dafawar in sa masa albarka. Akwai wata a gidana da nake so ta zo ta ɗauki darasi a wajensa."

Yarinyar oda ta ciji leɓe, ta juya ta kalli tagar kicin. Ta ce guda ɗaya tak ake kawowa kullum, kuma ba a nan ake dafa shi ba, ɗumamawa kawai ake yi.

Kafin ya buɗe baki, tagar ta zuge. Hannu ya turo kwalinsa mai takarda mai sheƙi, a yatsan kuma ga filasta a karkace, da kwanan watan yau cikin jan biro, rubutun hannunsa da ya fi shekara talatin yana yaba kyansa.