Salihu da Mai Jirgin Sawakin

Ƙamshin gahawa ne ya tashi Salihu, kuma tun kafin ya buɗe ido ya san an cuce shi.

Gahawa ce mai citta, irin ta Sudan, wadda ya shekara uku yana shaƙa a Sawakin, tashar jiragen ruwan Sudan, yana dakon gishiri don ya samu na jirgi. Ya ɗaga kai daga gindin ƙayar da ya kwanta. Rana ta kusa tsaka, rairayi fari fat, teku shuɗi har iyakar gani. Ga tanti guda, ga tsohuwar mota, ga maza huɗu cikin jallabiya da ɗankara-ɗankaran rawuna. Ko makaho ya shafa ya san 'yan Sudan ne.

Kuma sai da aka gargaɗe shi. Kowa a Sawakin ya san halin wasu masu jirgi: su kwashi maniyyata marasa takarda, su yi ta zagaye da su a ruwa, su sauke su a wani lungu na gaɓar Sudan ɗin, su ce ga Hijaz nan, ƙasar Makka. Salihu ya sha yi wa waɗanda aka yi wa haka dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ko hanya bai gani ba, kwana biyun da suka yi a jirgi a kife ya yi su yana amai. Da aka sauke su abokan tafiya suka watse, shi ya zube a nan.

Shekara tara rabonsa da Haɗejia, kuma a ƙafa ya zo. Ya haura sittin, gwiwoyi sun fara ƙara. Wata shekara ukun ta dako ba ta jikinsa, shi ma ya sani. Ke nan zai mutu bai ga Ka'aba ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Babban cikinsu, wani mai tumbi da ake kira Abdulwahid, ya hango shi. Ya ɗaga murya da Hausar nan tasu mai gauraye da Larabci.

"Ahlan, ya hajji! Sannu da hanya. Taho ka sha gahawa."

Hajji. Har da ba'a. Salihu ya haɗiye, don yunwa ta fi ƙarfin fushinsa. Tabarmar kunya kuwa da hauka ake naɗe ta, saboda haka da aka tambaye shi daga ina, sai ya ce shan iska ya fito. Suka dubi ƙunshin kayansa, suka dubi kumburarrun ƙafafunsa.

Teloli ne uku da direba ɗaya, Hamad. Sukan gudo daga hayaniyar gari su kafa tanti inda ba kowa, su yi iyo su kama kifi. Kamun kifin dai suna ne, tun safe ba abin da ƙugiyarsu ta jawo sai ciyawar ruwa. Salihu, wanda ya girma a bakin kogi, ya kasa jurewa. Ya karɓi zaren, ya shiga ruwa har ƙirji, ya tsaya daidai inda duwatsun ƙasa suka yanke. Kafin gahawa ta biyu ta tafasa ya fito da jan kifi mai tsawon kamu guda. Ya ce kifin teku wawa ne in aka haɗa shi da tarwaɗa. Sannan ya koma ya yi ninƙaya sosai, har telolin suna tafi, har ya kusa manta an cuce shi.

Aka gasa kifin, aka ci da shinkafa. Salihu ba ya cin na banza, ya kwance bakin wando ya miƙa ƙurushi guda, kwabon Sudan. Hamad ya juya shi gaba da baya yana dariya.

"Wallahi, rabona da ganin wannan!"

Salihu ya ce a ransa lallai talauci ya kai inda ya kai, direba guda bai ganin ƙurushi.

Abdulwahid ya ce, "Halas, shi ke nan, da la'asar ka biyo mu gari. Akwai 'yan'uwa, za a san yadda za a yi."

"Garinku na san shi kamar yunwar cikina," in ji Salihu. "Ba zan koma a yi mini dariya ba."

Suka kalli juna.

Azahar ta yi. Salihu ya yi alwala, ya matsa gaba, ya fuskanci teku yadda ya saba kullum, zuciyarsa cike da abin da zai kai wa Ubangiji ƙara a kan mai jirgi. Ya jira a zo a daidaita sahu, ba wanda ya zo. Da ya waiga sai ya ga duk huɗun sun jeru sun ba ruwa baya, Abdulwahid yana yafito shi da hannu.

"Ya hajji, ai Sudan ka fuskanta! Juyo, Makka ga ta can bayan duwatsun nan. Yalla, mu yi salla, Jidda muke so mu isa kafin magariba."