Tafin Hannun Abdulganiyyu

Ta katanga Sauda ta jiyo muryar yayanta Mudi, mai ɗaukar leburorin yankan riɗi.

"Ya ustaz, digiri biyu gare ka. Ka fi ƙarfin gonata. Halas, magana ta ƙare!"

"Ofisoshin garin Gadarif ma haka suka ce," in ji Abdulganiyyu, saurayinta.

Sauda ta san yayanta sarai. Babansu ya ce sai ga mai aiki zai aurar da ita, Mudi kuwa ba ya son surukin da ya fi shi karatu.

Ta tare Abdulganiyyu a zaure. Ya ƙi haɗa ido da ita, yana ɓoye hannu. Ta hango tafin duk ya sassale.

"Me ya same ka?"

"Dutse nake gogawa, ya yi kanta. Masu gonakin iyaka tafin hannu suke dubawa."

"Iyakar Habasha? Inda 'yan bindiga ke ɗauke leburori?"

Ya miƙa mata jakar takardun karatunsa, ta karɓa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"In kaka ta wuce ban dawo ba, ki gaya wa Mudi na samu wurin da ban fi ƙarfinsa ba."