Madarar Coci a Bangon Kakata

Shekarar da fari ya cinye mana shanu a Roni, ina 'yar ƙarama, masu coci suka riƙa raba garin madara, ba ruwansu da Musulmi ne kai ko Kirista. Ni na karɓo mana namu a ƙwarya, daga hannun wata Maman Rahila mai fara'a.

Kakata Inna Dije Bafulatana ce, a gindin saniya ta tsufa. Ta shinshina, ta murza da yatsa. "Ke 'yar nan, wace saniya ce ake tatsar gari a jikinta? Farar ƙasa suka ba ki."

"Inna, cewa suka yi a dama a sha."

"Su sha abinsu."

Ga ni da yunwa, ina kallo ta kwaɓa abincinmu a kasko, ta shafe bango ɗaya na ɗakinta ta waje tas.

Kafin la'asar sai ga awakin maƙwabta sun yi sahu suna lasar bango. Da na ga ba wadda ta faɗi, ni ma na sa harshe. Ni fa na ci daɗi a duniyar nan, amma wallahi har yau ban ɗanɗani irin wannan ba.

Inna ta fito korar mu da muciya. Sai ta tsaya, ta dangwala, ta kai baki. Ta sake dangwalawa.

Can ta miƙo mini babbar ƙwaryarta. "Koma wurin matar nan, ki gaishe ta da kyau. Ki ce saura bango uku."