Ƙafafuna Ba Su Ji Hukuncin Kotu Ba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni mai kunya ce, karatuna ma a aji uku ya tsaya.

Shekara guda cur mu baƙar fatan birnin Montgomery muka ƙaurace wa bas saboda an hana mu zama a kujerun gaba, muna takawa zuwa gidajen fararen da muke wa wanki. Da kotu ta ce kowa ya zauna inda ya ga dama, na hau ta ƙofar gaba, na jefa senti goma a akwatin direba. Sai na juya na sauka.

Babu wanda ya kore ni. Ƙafafuna ne suka yi abin da suka saba tun ina ƙarama: a biya a gaba, a sauka, a ruga ƙofar baya kafin mota ta tashi.

Wata tsohuwa 'yar cocinmu ta leƙo ta taga daga kujerar farko. "Ke 'yar nan, ina kuma za ki? Takalmi uku na cinye saboda kujerar nan! Dawo, ja'ira!"

Direban, farar fata, ya tuntsire da dariya. "Ƙyale ta, ita kaɗai ta san matsayinta." Ya rufe ƙofa, ya ja mota ya bar ni.

Wunin ranar na kasa tsayuwa, na kasa zama.

Washegari da safe na sake biya. Na damƙe ƙarfen bayan kujerar direba da hannu biyu, na ƙi saki, har ƙafafuna suka haƙura na zauna.