Kuncin Dama

Na'urar ba ta san kowa ba. A ba ta hoton fuska, ta leƙa ƙarƙashin fata, ta lulluɓe hoton da launi, ja a duk inda rana ta daɗe tana ci. Shekara da shekaru Malama tana koya mata wannan aiki a ɗakin bincike. Da baƙi suka ƙi a ɗauke su hoto, sai ta lallaɓi dangi da maƙwabta, aka ba kowa lamba a madadin suna.

Komai ya tafi daidai. Manomi ja ko'ina, tela fes. Direbobi kuwa kuncin hagu ne ke ƙonewa, ɓangaren taga. Da hoton mijinta, mai jan babbar motar kamfani, take ba da misali, har da ɗan alfahari.

Hoto ɗaya ne ya ƙi. Kuncin dama ja wur, na hagu lafiya lau, alhali mai fuskar ta ce ita ba ta fita ko'ina.

"Ki bayyana mana wannan kafin taron gobe," in ji shugaban sashe, "ko mu rufe aikin. Ba ma riƙe na'ura mai ƙarya."

Ta goge gilashin kyamara, ta auna fitilu, ta sake ba na'urar hoton. Jan nan bai motsa ba.

Abokin aikinta ya leƙo ta kafaɗarta, ya kwashe da dariya. "Haba Malama, karatu ya yi miki yawa! Wanda ke zaune gefen direba, ta ina rana ke dukansa? Juya hoton, ki ɗora a kan na maigidanki."

Ta juya, ta ɗora. Suka hau juna cif, har da wani karkataccen layi a goshi, inda labulen gaban motar ya yage.

"Ashe ke ce! Ana shan yawo da angon, ana ɓoye mana."

Ta yi murmushin yaƙe. Ita ko tayar motar ba ta taɓa takawa ba. Kullum mijin cewa yake kamfani ya hana ɗaukar kowa.

Na'ura ta yi gaskiya, aiki ya tsira. Sai da abokin aikin ya fita ta danna maɓalli, launin ya yaye daga hoton, ƙanwarta da ta goya a bayanta ta bayyana tana mata murmushi.