Farar Ƙwaya a Gidan Makoki

Tun da aka kafa dokar, ba mai shiga gidan makoki sai ya haɗiyi ƙwaya a zaure. Fara tana cika zuciya da ƙaunar kowa, shuɗiya kuwa tana kai mutum wata duniya.

Hajiya Tabawa na zaune ran ukun mijinta, tana kallonsu. Maƙwabciyarta Lantana ta sha shuɗiya, ta ƙura wa tabarma ido tana cewa zanen yana numfashi. Tabawa ba ta ji haushinta ba. Ko ba komai, Lantana ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Sai ga Sallau, ƙanen marigayin, wanda wata goma sha ɗaya na jinya bai leƙo ba. Ya durƙusa gaban Tabawa, hawaye shaɓe-shaɓe, haƙoransa na cizon juna kamar na duk wanda ya sha fara.

"Yaya, wallahi ke da yaran nan kun dawo wuyana."

Ta taɓe baki. "Ƙarfe nawa ka haɗiya?"

"Goma."

"To, tashi. In ƙwayar ta sake ka da la'asar, ka dawo ka maimaita."

Ta sa aka ajiye masa tuwo. Har magariba kwanon na nan a rufe.