Farar Shaya a Lambun Latas

Kai da kake jin haushi an ƙaryata ka, zauna ka ji na wani mai lambu. Wata safiya yana ban ruwa sai garken shaya ya sauka a bakin kwatarsa, tsuntsayen nan masu sheƙi kamar an shafa musu shuni. A tsakiyarsu ga guda ɗaya fara fat, kamar an tsoma ta a nono. Ya yar da bokiti, ya nufi majalisa yana haki ya ba da labari. Aka bushe da dariya. Wani tsohon maharbi ya ce shekara hamsin yana yawon daji, farar shaya sai dai a mafarki. Daga ranar ko farashin tumatir ya faɗa sai an tambayi wani. Abin ya ci masa rai, domin bai taɓa yin suna da ƙarya ba.

Bai rantse ba, bai yi musu ba. Ya ari wayar ƙanwarsa, ta nuna masa inda ake dannawa. Hoton farko babban yatsansa ya fito. Na biyu reshen mangwaro. Na uku wutsiya kaɗai, ita ma ta baƙa. Da ya gane motsinsa ke korarsu, sai ya kafa zana kusa da kwatar, ya huda ƙofa daidai idon wayar, ya watsa tsaba, ya tsuguna tun hantsi bai fito ba. Cinnaka ta cije shi, bai ko sosa ba. Ran kwana na tara garken ya sauko, farar ta dira gabansa taku uku, ta sha ruwa, ta ɗaga kai rana ta haske ta. Sai ya danna. Ta fito ras, har ɗigon ruwan da ke bakinta! Ya zabura ya ture zanar, ya bi ta kan latas ɗinsa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Wayar ta zaga majalisa hannu zuwa hannu, ana ta salati. Maharbin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka yafe mini. Gobe da wane lokaci take zuwa?" Washegari dattawa shida ne durƙushe bayan zana, suna ture juna a kan ƙofa ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.